Matar da Ta Shafa wa Littafi Kitse

A duk gaɓar gabashin tsibirinmu na Gotlan, can arewacin duniya, babu mai jirgin da bai san Ingirun ba. Ita ke saƙa zanen jirgi, katafaren ƙyallen nan na gashin tumaki da ake ɗagawa a kan doguwar sanda, iska ta cika shi ta tura jirgi. Mazanmu sun iya cika baki a kan gatari da ƙarfin damtse, amma in ka bi diddigi, duk wanda ya je gabas ya dawo da ransa, saƙar wata mace ce ta kai shi ta kuma dawo da shi. Ba sa son a riƙa faɗin haka, shi ya sa na faɗa tun da farko.

Tana 'yar shekara tara zanen jirgin ubanta ya yage a tsakiyar teku. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki, biyu suka tsira. Uwarta ba ta yi dogon kuka ba, ta ɗauko mazari ta danƙa mata, ta ce daga yau ga aikinki. Ingirun ta tashi doguwar mace mai faɗin kafaɗa, mai tsadar dariya, yatsunta duk kanta. Hali guda ta ɗauka daga mutuwar uban nan, kuma ba ta taɓa sakinsa ba: babu abin da zai bar hannunta ya hau teku sai ta tabbatar ruwa ba zai ci shi ba. Zane tara ta saƙa kafin wannan labari, ko ɗaya bai taɓa yagewa ba. Ta san da haka, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani.

Ta auri Audun, mutum mai fara'a da ƙafar yawo, mai tsagaggen kunne da ya samu a wani faɗan da shi kansa ya manta dalilinsa. Shekara huɗu suka yi tare, ya bi jirgi gabas neman azurfar Larabawa, bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Ta ci gaba da zama a babban gidan danginsa tare da ƙaninsa Botulf, wanda ya gaji jirgin gidan, ya kuma zo duniya da bakin da ba ya rufuwa.

Shekara goma sha huɗu bayan ɓatan Audun, ana dab da shiga sanyi, Botulf ya dawo daga kogunan gabas da azurfa da duwatsun wuya da wani Balarabe. Sunansa Zuhairu, mutumin Basara, siriri mai furfura a gemu, yana rawar ɗari a cikin riga uku. Shi ba ɗan kasuwa ba, shi ba bawa ba. Shekara bakwai ya yi yana yawon duniya don kawai ya gani ya rubuta, kuma a wata kasuwar bakin kogi ya roƙi Botulf ya kai shi ya ga ƙasar da fatu masu laushi ke fitowa. Nufinsa ya yi wata guda ya juya. Teku ta daskare a bayansa, zama ya kama shi sai ƙanƙara ta narke.

"Matar yaya, ga baƙo na kawo miki," in ji Botulf a bakin ƙofa. "Ba ya cin alade, ba ya shan giya, kuma sau biyar a rana yake kai goshinsa ƙasa. In ban da wannan, lafiyarsa lau."

Ingirun ta dubi baƙon daga sama har ƙasa. "To me yake ci?"

"Kifi."

"Ai ya zo gida ke nan. Amma wannan takalmin nasa ko garken tumaki ba zai kai shi ba. Kai da ka ɗauko shi, idonka ado ne?"

A ranar ta yanka masa takalmi na fatar saniya, ta cusa masa gashin tumaki a ciki.

Dukiyar Zuhairu a duniya littafi ɗaya ne, kaurinsa ya kai tafin hannu, a naɗe cikin fata. Mu ba mu taɓa ganin takarda ba sai a hannunsa. Abin da muka sani shi ne a sassaƙa 'yan baƙaƙe a jikin dutse, sunan mamaci da na wanda ya kafa masa dutsen, shi ke nan. Mutum ya zauna yini guda yana jan layukan tawada a kan abin da ya fi fatar albasa siranta, wannan ya ba mu dariya ƙwarai. Kafin mako ya zagayo mutanen gida sun laƙaba masa Mai Baƙin Yatsa, shi kuwa ya karɓi sunan ba gardama.

Da sanyi rana kan faɗi tun ba a gama aikin yini ba, sai kowa ya taru a gefen wuta da abin yi a hannu. A nan ne Botulf ya matsa wa baƙon ya faɗa musu abin da ke cikin littafin. Zuhairu ya tsinci harshenmu a jirgi, na matuƙa, rabinsa ashar, amma da shi ya fara: ya duba takarda, ya juya mana. Ya ba da labarin garin da ake sayar da ruwan sha a salka, da dabbar da ke kwana goma ba ta sha ba, da kasuwar da ba a sayar da komai a cikinta sai littattafai, da wani gwamna da ya gina gada a busasshen fili don wani mai duba ya ce masa kogi na nan zuwa.

"Ƙarya kake, Baƙin Yatsa," Botulf kan ce. "Wane mahaukaci ne zai sayi ruwa?"

"Wanda bai taɓa ganin teku ta daskare ba. Ni ma in na koma na faɗa musu wannan, maƙaryaci za su kira ni."

Ingirun ba ta sa baki. Masaƙarta ta tsaye ce, a jingine da bango, don haka bayanta ta ba jama'a, ba a jin komai daga wajenta sai ƙarar duwatsun da ke rataye a zare. A sanyin nan take saƙa ƙyallaye huɗu na ƙarshe na sabon zanen Botulf. Kowa ya ɗauka ba ta saurare. Alhali babu mai saurare irinta, don duk garin da aka ambata sai ta shiga kasuwarsa da zuciyarta tana neman dogon mutum mai tsagaggen kunne. Sau ɗaya ta tambaya, ba tare da ta juyo ba.

"Baƙo, a garuruwan nan duka ba ka taɓa cin karo da wani namu mai tsaga a kunnen hagu ba?"

Zuhairu ya faɗa mata gaskiya, bai taɓa ba. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da aiki. Abin ya yi mata zafi, amma ba ta daina saurare ba, don ko ba komai yanzu ta san irin ƙasar da mijinta ya taka.

Haka sanyi ya wuce. Da ƙanƙara ta fara tsagewa aka ɗinke ƙyallayen, aka sa ranar shafe. Ranar shafe a wurinmu ba a wasa da ita. Ana narka kitsen tumaki da man kifi, a zuba jar ƙasa da baƙin ƙaron itace, a shafe duk abin da zai hau teku tun yana da zafi: zane, igiya, jaka, takalmi, har hular matuƙi. Na baƙo kuwa uwar gida ke yi da hannunta, kuma ba a tambayarsa, don tambaya tamkar cewa ne ba ka damu ko ya nutse ba. A ranar Botulf ya tafi da Zuhairu can ƙetaren tsibiri, tafiyar kwana biyu, ya nuna masa yadda ake farauta a kan ƙanƙara. Baƙon ya bar littafinsa a gida saboda tsoron ruwa.

Ingirun ta shafe masa takalmi, ta shafe jaka, ta zo kan littafi. Ta kwance fatar, ta taɓa takardun, rashin ƙwarinsu ya ba ta tsoro. Ta tuna ya taɓa faɗa cewa a wani kogi ruwa ya ci masa takarda shida, har ya yi hawaye. Wannan abu a tekunmu ko yini ɗaya ba zai yi ba. Sai ta ja kujera kusa da tukunya, ta shiga bin sa takarda bayan takarda, gaba da baya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta ga baƙin layukan suna narkewa suna shiga cikin kitsen, sai ta ɗauka kamawa ce suke yi, kamar yadda rini ke kama zare. Yini guda cur ta yi a kai. Da ta gama ta danne shi da dutse don ya sha sosai, ta tashi da farin cikin wadda ta yi aiki mai kyau.

Da mafarautan suka dawo ita ta tare su, har da murmushi, abin da ba a saba gani ba.

"Baƙo, zo ka ga. Yanzu ko teku ka jefa shi ba abin da zai same shi."

Zuhairu ya karɓi abin, ja wur, mai nauyi, yana warin kifi. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya sa farce ya ɓamɓare wata takarda da ƙyar, ya ɗaga ta wajen haske. Babu komai a jikinta sai jan maiƙo.

"Ina rubutun?" ya tambaya a hankali.

"Yana ciki mana. Ina zai je?"

Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya zauna a ƙasa cikin caɓi da littafin a cinya.

"Matar yaya, me kika yi?" in ji Botulf.

"Abin da na yi wa takalminka."

Kwana uku baƙon bai ci abin kirki ba. Salla kawai ke tashe shi, ya idar ya koma ya juya fuska bango. Botulf ya ce masa ya zaɓi duk abin da yake so a kayan jirgi, ya girgiza kai. Ita kuwa Ingirun, gaskiya ita ce har lokacin ba ta fahimci girman ɓarnar ba, har ma tana ɗan jin haushin rashin godiya. A rana ta uku ta kai masa ƙwaryar kifi da kanta, ta tsaya a kansa.

"Wai ni ban gane ba. Ba kai ka faɗi maganganun nan ba? Ba suna kanka ba?"

"Uwar gida, na zuba su a takarda ne don in sauke su daga kaina. Sunan gari fiye da ɗari biyu, kwana nawa tsakanin wannan rijiya da waccan, wa ya ce me, a wace shekara. Abin da ya rage mini yanzu inuwarsu ce kawai."

"Kai da ka ce littafin addininku kaf yana kanka?"

"Wancan tun ina yaro nake maimaita shi kullum. Nawa sau ɗaya na rubuta, na wuce." Ya dubi yatsunsa. "Na bar mata da 'ya'ya shekara bakwai saboda littafin nan. In na koma hannu rabbana, me zan ce musu na je yi?"

A nan ne abin ya shige ta. Ta gane tamkar zanen jirgi ne ta yaga wa mutumin nan a tsakiyar teku, da hannunta, ita da ke alfahari ba abin da ya taɓa lalacewa a hannunta. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ba ta iya ba da haƙuri ba, ba a koya mana wannan sosai ba. Ta ajiye ƙwaryar ta fita. A waje ta ji Botulf yana gaya wa matuƙa cewa saura kwana goma sha bakwai a tashi, kuma ba zai jira kowa ba, don in iskar nan ta wuce sai baɗi.

Sabon zanen yana shimfiɗe a fili yana bushewa. Ta je ta durƙusa a gefensa don kawai ta sami abin da za ta yi da hannunta, ta shiga bin saƙar da yatsa tana duba ɗinki. Duk masaƙiya a wurinmu ta san cewa ƙyalle na riƙe abin da aka yi a gabansa. Mace za ta nuna maka daidai inda take saƙa ranar da aka zo mata da labarin mutuwa, don a nan zaren ya tsuke. Yatsan Ingirun ya faɗa kan wani ƙulli a ƙyalle na biyu, sai ta tuna dalilinsa. A nan ne dariya ta kusa ƙwace mata, ta ja zare da ƙarfi ya tsinke. Ba ta san lokacin da bakinta ya fara ba.

"Daga rijiyar gishiri muka yi kwana huɗu, rana a kafaɗar dama, muka iso garin da gwamnansa ya gina gada mai baki bakwai, ba ko ɗigon ruwa a ƙarƙashinta. Masu gadin gadar su goma sha biyu ne, kuma an hana su dariya."

Ta matsar da yatsa taƙi ɗaya, na gaba ya zo, da na gabansa. Ta miƙe ta koma gida da sauri, ta kama baƙon a hannun riga, abin da mace ba ta taɓa yi masa ba a ƙasarsu, ta ja shi har fili. Ta ɗora yatsa a farkon ƙyalle na ɗaya, ta faro daga ranar da ya bar Basara, da sunan jirgin, da abin da matarsa ta ce masa a bakin ƙofa. Da kalmominsa take faɗa, har da ashar ɗin matuƙa a inda ya sa shi bai sani ba. Zuhairu ya saurara har ta kai gari na uku.

"Har ina kike da shi?" ya ce.

"Har inda zane ya ƙare. Kai dai nemo abin rubutu."

Takarda goma sha ɗaya kacal suka rage masa fara. Amma lokacin ne ɓawon farin itacen nan namu ke saɓulewa cikin sauƙi, mu da shi muke rufin ɗaki. Ingirun ta tashi gidan kaf, maza da mata, aka shiga daji da wuƙaƙe. Aka yanko ɓawo, aka raba shi sirara, aka danne da duwatsu ya miƙe. Da tawadarsa ta ƙare, ya haɗa wata da kunkunniyar tukunya da ƙaro. Tun fitowar rana har faɗuwarta suna fili, ita tana rarrafe a gefen zane, shi yana biye da ita da allon katako a gwiwa, iska na kaɗa masa gemu.

Ba a yi aikin nan cikin lumana ba, kada wani ya gaya maka haka. Sunayen garuruwa ta riƙe su, amma ta murɗe su irin na bakinmu, sai ya yi ta juya suna a baki kafin ya gano nasa ne. Wani lokaci kuma takan sa nata a ciki.

"Sai sakaran gwamnan ya ce a ƙara wa gadar tsawo."

"Ban ce sakarai ba, uwar gida."

"Ba ka ce ba, amma shi ne."

"Mutumin nan ya ba ni masauki wata biyu."

"To rubuta sakarai mai kyauta."

Botulf ma ya zo taimako, ya rantse cewa dabbar nan mai doro kwana arba'in take yi ba ta sha ruwa ba.

"Goma," in ji Ingirun ba ta ko ɗago ba. "Je ka duba igiyoyinka, sarkin ƙari. Kai ko kifin da ka kama jiya ya ninka kafin ka iso gida."

"Ka ji ta ko, Baƙin Yatsa? Ita ta yi ɓarna, ni ake kora."

Ya tafi yana gunaguni, amma shi ne ya riƙa aiko musu da abinci fili, kuma da aka yi ruwa yini biyu shi ya sa matuƙa suka ja zanen zuwa rumfar jirgi don kada aiki ya tsaya.

Ba duka aka samu ba. Akwai ranakun da Ingirun ta yi zazzaɓi ba ta hau masaƙa ba, labaran ranakun sun tafi sai ɗan abin da shi ya tuno. Waƙoƙin Larabci da ya riƙa tsallakewa don ba su juyuwa, su ma sun tafi. Duk inda yatsanta ya zo wurin da babu komai, sai ta ce babu, ba ta ƙirƙira, ko da ya roƙe ta ta ƙara tunani. Gwiwoyinta suka sale, muryarta ta dishe har sai ya kawo kunne kusa. Shi kuma yatsunsa suka kumbura. Amma ya koma cin abinci, har wata rana aka ji shi yana yi wa Botulf gardama a kan kifin wa ya fi girma. Kusan kashi biyu cikin uku na littafin ya dawo.

Ana jibi tashi, da hantsi, yatsanta ya kai bakin ƙyalle na huɗu. Labarin ƙarshe shi ne na kasuwar bakin kogi, inda ya haɗu da wani jan mutum mai surutu ya roƙe shi ya kai shi arewa.

"Shi ke nan," ta ce. "Zane ya ƙare."

Zuhairu ya ajiye alƙalami, bai yi murnar da ta zata ba. "Akwai takarda talatin bayan wannan."

"Ba ka karanta mana su ba."

"Ban karanta ba."

"Don me?"

"A kanku ne."

Botulf, da ke kusa yana murɗa igiya, ya matso. "To, ga inda daɗin yake. Me ka ce a kanmu?"

Baƙon ya sunkuyar da kai. Ya ce a watansa na farko ya rubuta su, lokacin sanyi na cinsa kuma ba ya jin rabin abin da ake faɗa. Ya rubuta cewa mu mutane ne masu busasshiyar zuciya, ba ma gaisuwa, ba ma kukan mamaci, ba mu san darajar komai ba sai abin da gatari ke sarawa, kuma abincinmu wari yake.

"Na warin nan dai gaskiya ne," in ji Botulf.

Ingirun ba ta yi dariya ba. "In abin da ka gani ke nan, mayar da shi yadda yake. Ba na so a ce na goge maka shi don ya zage mu."

"Ba zan iya ba. Wanda ya rubuta wancan bai ci sanyi a gidan nan ba." Ya ɗauko fararen takardun nan goma sha ɗaya da ya yi ta tattali bai taɓa ba. "Labarinki nake so in sa a nan, in kin yarda."

Ingirun ta ji tsoron abin, don ta san yanzu cewa abin da aka sa a takarda yana zuwa inda mutum ba zai bi shi ya kāre kansa ba.

"Rubuta cewa na ɓata," ta ce. "Kada ka rufa mini asiri, faɗi yadda na yi, da tukunyar da komai. Sa'an nan ka rubuta na gyara abin da zai gyaru. Kada ka ƙara gishiri, muna da mai wannan aikin a gida."

Ya yi yini biyu yana rubutu. Ɓawon da aka cika ya haura ɗari uku, aka jera su a ganga ta katako, aka cusa busasshiyar ciyawa a tsakani. Ranar tashi Ingirun ba ta yi doguwar sallama ba. Ta ce masa ya riƙa sa hula, ya ce Allah ya saka mata, ta ce wanne daga ciki, ya ce Shi ɗaya ne, ta ce to ya isa. Aka ɗaga zane, iska ta cika shi, ta tsaya har jirgin ya ɓace.

Botulf ya dawo lokacin kaka ya ce ya sauke baƙon lafiya a kasuwar bakin kogi, da gangarsa a kafaɗa. Daga nan zuwa Basara tafiyar wata da watanni ce, ta cikin 'yan fashi da hamada, kuma babu wanda zai kawo labari. Ingirun ta saƙa wasu zane huɗu, idonta ya fara rauni, ta koma koya wa matan gida tana yi musu faɗa. Ba ta cika maganar baƙon ba. Amma duk jirgin da ya dawo daga gabas sai ta sami dalilin zuwa bakin ruwa, kuma waɗanda suka san ta sun san ba mutum ɗaya take jira ba yanzu.

A shekara ta goma sha ɗaya bayan tafiyar baƙon wani ɗan kasuwa mai suna Liknat, daga arewacin tsibiri, ya zo gidan takanas yana tambayar mai zanen jirgi. Ya kai har ƙasar Larabawa da fatu. Ya ce a wata kasuwa ya ga taro an kewaye wani mutum yana karatu daga littafi na takarda, jama'a na ta dariya har da riƙe ciki. Ya tambayi tafintansa, aka ce masa labarin wata matar arewa ne da ta shafa wa littafi kitse. Aka ce littafin wani tsoho ne a Basara, yana nan da ransa, kuma an kwafe shi da yawa.

"Sun yi dariya," in ji Ingirun.

"Sosai, inna. Ni ma na yi, ki yafe ni."

"Daga nan fa? A nan ya tsaya?"

"A'a. Ya karanta yadda ta yi rarrafe a gefen zane har gwiwarta ta sale, tana mayar masa da garuruwansa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ban ƙara jin dariyar kowa ba. Wani dattijo ma sai da ya sa aka maimaita masa sunanta."

"Sun iya faɗa?"

"Sun murɗe shi. Injiruna suka ce. Amma na gane."

Ingirun ta lalubi kujera ta zauna. "Ya isa ke nan," ta ce. "Ya kai shi gida."

Sai ta rufe fuska da tafukan nan nata masu kanta ta yi kuka a gaban kowa, kuka mai sauti, na farin ciki. Botulf, da furfurarsa, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya rufe, ya je ya zauna kusa da ita.